Ciyar da ƴaƴan tarantula: abin da suke ci da yadda kiwonsu ya shafi fasa-ƙwauri

Tarantula babban gizo-gizo ne mai gashi a jiki, daga dangin da masana ke kira Theraphosidae, wanda ya ƙunshi nau'uka sama da 1,000. A Turai da Amurka da gabashin Asiya ana kiwonsa a gida kamar yadda ake ajiye tsuntsu a keji. Masu kiwo da dama ƴaƴan suke saye saboda sun fi araha, sai dai renonsu ya fi wuya. Ɗan da tsawonsa bai wuce santimita ɗaya ba, ƙaramin kuskure wajen ba shi abinci ya isa ya hallaka shi.

Yadda yake cin abinci

Tarantula ba ya haɗiye abinci mai tauri. Yakan kafa wa ƙwaro fiƙoƙinsa biyu ya zuba masa dafi, sannan ya kwarara masa ruwan da ke narkar da nama, ya tsotse abin da ya narke. Ragowar yakan dunƙule ta ya yar. Wannan ragowa ce ke jawo fumfuna da ƙananan ƙwari idan aka bar ta a mazubinsa, shi ya sa ake ɗauke ta da hantsaki.

Abin da ake ba shi

Ƙa'idar masu kiwo ita ce kada abincin ya fi cikin ɗan girma. Mafi ƙanƙanta ana ba su ƙudan ƴaƴan itace na jinsin Drosophila, irin waɗanda ba sa tashi, ko gyare sabon ƙyanƙyasa, ko ƴaƴan kyankyason da aka kiwata musamman domin haka. Idan babu ƙwaron da ya yi daidai da shi, akan kashe babba a yanki ƙafarsa, ko a gutsura tsutsa a ajiye masa a bakin rami, domin ƴaƴan tarantula suna cin mataccen ƙwaro muddin sabo ne.

Sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar. Abin da bai ci ba a cire shi cikin awa 24. Ba a kamo masa ƙwari daga gona ko bayan gida, saboda suna iya ɗauke da maganin feshi. Ƙishirwa kuwa ta fi yunwa saurin kashe shi, don haka akan jiƙa gefe ɗaya na ƙasar mazubin, ko a sa masa ruwa a ɗan murfi marar zurfi. Kowane ɗa da mazubinsa, domin a yawancin nau'uka idan aka haɗa su cinye juna suke yi.

Lokacin saɓa

Tarantula ba ya girma sai ya yi saɓa, wato ya tuɓe tsohuwar fatarsa, kuma ƙananan sukan yi hakan duk bayan ƴan makonni ko watanni. Idan lokacin ya ƙarato sai ya daina cin abinci, cikinsa ya yi baƙi yana sheƙi, wani ma ya toshe bakin raminsa. Ranar saɓar yakan kwanta rigingine, har wanda bai sani ba ya ɗauka mutuwa ya yi.

A nan ne aka fi yin asara. Gyaren da aka bari da rai a mazubi yana iya gwaguyar ɗan a lokacin da ba ya iya kare kansa. Bayan saɓar ma fiƙoƙinsa farare ne masu laushi, sai sun yi baƙi sun yi ƙwari ake sake ba shi abinci, abin da kan ɗauki kwanaki kaɗan zuwa mako guda.

Alaƙarsa da fasa-ƙwauri

Mace ɗaya takan yi ɗaruruwan ƙwai a lokaci guda, amma wasu nau'ukan, kamar Brachypelma na ƙasar Meksiko, sukan shafe shekaru kafin su balaga. Dillalin da ba shi da haƙurin wannan reno sai ya koma ga na daji.

Wani bincike da mujallar Communications Biology ta wallafa a 2022 ya gano nau'uka 1,264 na dangin gizo-gizo da kunama da ake cinikinsu a duniya. A Nuwamban 2024, hukumomin Peru sun kama wani ɗan Koriya ta Kudu a filin jirgin saman Lima da tarantula 320 ɗaure a jikinsa, kuma 285 daga cikinsu ƙanana ne. Afirka ta Yamma ma tana cikin wannan kasuwa: nau'in Heteroscodra maculata da ake sayarwa a Turai asalinsa daga Togo da Ghana yake.

Yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta sanya Brachypelma a jerinta na biyu, ta kuma ƙara da Poecilotheria na Indiya da Sri Lanka a 2019. Amma mafi yawan nau'ukan tarantula ba sa cikin jerin. Saboda haka alhakin yana wuyan mai saye: ya tambayi inda aka ƙyanƙyashe ɗan, ya nemi takardar izini idan nau'in yana cikin jerin, ya kuma rene shi yadda ya kamata, domin duk wanda ya mutu a hannunsa yana iya zama dalilin ciro wani daga raminsa a daji.