Asalin Kalma: Riƙon Ƙwarya

Mai tallar fura a kasuwar Achilafiya ko ta Babura, in wani uzuri ya taso mata, sai ta ce wa 'yar'uwarta, "Riƙe mini ƙwaryar nan, ina zuwa." Wadda aka bar wa tana iya dama wa mai saye, amma ba ta canza farashi, kuma kuɗin cinikin ba nata ba ne. Haka yake a siyasa: gwamnatin riƙon ƙwarya ita ce wadda ake naɗawa ta tsare kujera har a yi zaɓe.

A Nijar an ga mai riƙon da ya mayar da ƙwaryar. Taron Ƙasa na 1991 ya ɗora Amadu Cheiffou, ɗan Kornaka a yankin Maraɗi, a matsayin firaminista. Aka zaɓi majalisa a Fabrairun 1993, ya sauka a Afrilun shekarar. Shonekan kuwa, wanda aka ba riƙon a Najeriya, ko wata uku bai cika ba Abacha ya fizge ƙwaryar a Nuwamban shekarar.

A ƙananan hukumomi irin su Roni da Gwiwa an fi ce wa mai riƙon kantoma, kalmar da muka gada daga zamanin Turawa. Gwamnoni sun yi ta jan wa'adin kantomomi, har Kotun Ƙoli ta hana ba su kason tarayya a Yulin 2024.