Manifol ɗin salansa

Manifol ɗin salansa wani sashe ne na injin mota da ke tattara hayaƙin da ke fitowa daga kowace silinda ya zuba shi cikin bututu guda, wanda ke kai shi tukunyar salansa. Ana ɗaure shi ne a jikin kan inji da notuna, a sa gasket a tsakani. Iri biyu ne: na ƙarfen zubi, wanda yawancin motoci ke fitowa da shi daga masana'anta, da na bututu, wanda ake kira heda, wanda galibi ake saye daban a sa a madadin na asali. A tsofaffin motocin ɗaukar kaya, dacewar manifol ta dogara ne da samfurin injin da ke cikin motar da kuma sararin da ke kewaye da shi. Sunan motar da shekararta kaɗai ba su isa ba.

## Yadda yake aiki

Idan bawul ɗin hayaƙi ya buɗe, iskar da ta ƙone tana fita da ƙarfi da zafi. A injin fetur mai jan kaya zafin yakan haura digiri 700 a ma'aunin Salshiyos. A manifol na zubi hanyoyin gajeru ne, suna haɗuwa nan da nan, don haka hayaƙin wata silinda yakan tare wa wata hanya. A heda kuwa kowace silinda tana da bututunta, kuma ana ƙoƙarin daidaita tsawonsu. Duk tunkuɗar hayaƙi da ta wuce takan bar ƙarancin matsin iska a bayanta, wanda ke taimakawa wajen zuƙo hayaƙin silinda ta gaba.

## Ire-iren heda

A inji mai silinda huɗu akwai tsari biyu. A tsarin 4-1 dukkan bututun huɗu suna haɗuwa wuri ɗaya, kuma amfaninsa ya fi bayyana idan inji na juyawa da sauri sosai. A tsarin 4-2-1 ana fara haɗa silinda ta 1 da ta 4, da kuma ta 2 da ta 3, kafin su zama ɗaya. Wannan ya dace da jerin tashin wuta na 1-3-4-2, kuma ya fi ba da ƙarfin ja a ƙaramin gudu da matsakaici, wato inda motar kaya ta fi yin aiki.

Faɗin bututu ma yana da tasiri. Bututu mai faɗi fiye da kima yana rage saurin hayaƙi, sai mota ta rasa ƙarfi lokacin tashi da lodi ko hawan tudu. Ana ƙera heda da ƙarfe na gama-gari, wanda ya fi araha amma yake saurin tsatsa, ko da ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 409 ko 304.

## Tsofaffin motocin kaya a Najeriya

Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a shekarar 1975, kuma a-kori-kura samfurin 404 da 504 sun bazu a ƙauyukan Arewa. Kamfanin ANAMMCO na Inugu ya fara haɗa manyan motocin Mercedes-Benz a farkon shekarun 1980. An kuma kafa masana'antar haɗa motocin Fiat a Kano da ta Steyr a Bauchi. Daga baya Toyota Hilux da Dyna da Mitsubishi Canter na hannu suka shigo da yawa.

A kudancin jihar Kano, a garuruwa irin su Ƙofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji, da Kiru, Tudun Wada da Doguwa, irin waɗannan motoci ne ke kwaso masara, shinkafa da rake daga gonaki zuwa kasuwanni. Hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore zuwa Doguwa tana da hawa da gangara, ga hanyoyin burji masu gargada da ke jijjiga inji. Zafi mai yawa da girgiza su ne manyan abubuwan da ke tsaga manifol ko karya notunansa. Kasuwar Ƙofar Ruwa da ke birnin Kano na cikin manyan wuraren da makanikai ke samun kayan gyara, sababbi da na hannu.

## Abubuwan da ake dubawa wajen zaɓe

Na farko shi ne lambar inji. Da yawa daga cikin tsofaffin motoci an sauya musu inji, wasu fiye da sau ɗaya. Hilux guda na iya ɗauke da injin fetur 22R ko na dizal 2L ko 3L, kuma manifol ɗinsu bai zo ɗaya ba. Tsohuwar gasket ita ce ma'auni mafi sauƙi, domin tana nuna siffar kofofin hayaƙi da tazarar ramukan notuna.

Na biyu shi ne ɓangaren sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972, don haka motocinta sitiyarinsu na hagu ne. Heda da aka ƙera don motocin Japan ko Ingila, masu sitiyari a dama, tana iya gogar sandar sitiyari. Haka kuma ana duba tazararta da sitata, giyabos, wayoyin wuta, tiyon mai da bututun birki, saboda heda ta fi manifol na zubi watsa zafi.

Na uku shi ne kaurin farantin da ke manne da kan inji. Wanda ya kai kimanin milimita 10 ya fi jure zafi, siriri kuma yakan lanƙwashe ya riƙa yoyo. Motar da ke da na'urar auna iskar oksijin tana buƙatar ramin ɗaura ta. A wasu tsofaffin injuna masu kafireta, manifol ɗin salansa ne ke ɗumama na shigar mai, kuma cire shi kan sa mota ta riƙa shaƙewa da sanyin safiya, musamman lokacin hunturu.

Injunan dizal masu turbo ba sa amfana da heda irin ta motar fetur, domin a kan manifol ɗin ake ɗaura turbo, kuma yana buƙatar gajeriyar hanya mai riƙe zafi. A manyan motoci irin su Mercedes 911 mai injin OM352, manifol na zubi shi ne aka saba amfani da shi.

## Gyara da haɗari

Alamomin yoyo sun haɗa da ƙarar tas-tas idan an tayar da inji da sanyi, baƙin toka a gefen gasket, da warin hayaƙi a wurin zaman direba. Hayaƙin na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, tana jawo ciwon kai da gyangyaɗi, har takan yi kisa. Walda a kan ƙarfen zubi tana buƙatar a gasa ƙarfen tukuna, a yi amfani da sandar walda mai sinadarin nikel, sannan a bar shi ya huce a hankali. Idan aka gaggauta, tsagar takan sake buɗewa a gefen waldar.