Gidan Lanvin: Daga Shagon Huluna Zuwa Gidan Ɗinki Mafi Daɗewa a Faransa

Idan ana zancen gidajen ɗinki na Faransa, Chanel da Dior ake fara ambata. Amma gidan da ya riga su kafuwa, wanda har yau ƙofarsa ke buɗe, na wata mace ce mai suna Jeanne Lanvin, kuma ba da ɗinkin riguna ta fara ba.

An haife ta a Paris a 1867, ita ce 'yar fari cikin 'ya'ya 11 a gidan da ba shi da wadata. Tana da shekara 13 ta shiga aiki a shagon masu yin hulunan mata, inda ake aikenta kai huluna gidajen masu saye. An ce maimakon ta hau keken doki na haya, sai ta bi shi a guje da akwatunan huluna a hannu, don ta adana kuɗin hayar. A 1889 ta buɗe ɗan shagonta na huluna a titin Boissy d'Anglas. A 1893 ta koma gida mai lamba 22 a titin Faubourg Saint-Honoré, kuma a nan babban shagon Lanvin yake har gobe.

Abin da ya sauya mata sana'a shi ne haihuwa. A 1897 ta haifi 'yarta tilo, Marguerite. Sai ta shiga ɗinka wa yarinyar kaya da kanta, kayan da yaro zai iya sakewa a ciki ya yi wasa, a lokacin da ake ɗaure 'yan mata cikin irin rigunan manya da aka rage wa girma. Matan da ke zuwa sayen hula suka riƙa ganin Marguerite suna tambayar wa ya yi wannan ɗinki. Wannan ta ce a yi wa 'yarta, waccan ta ce a yi wa tata. A 1908 aka buɗe sashen kayan yara. Ba a daɗe ba iyayen suka ce su ma suna so, aka buɗe sashen 'yan mata da na manyan mata a 1909, shekarar da ta shiga ƙungiyar manyan masu ɗinki ta Paris. Sauran gidaje daga kayan manya suke gangarowa zuwa na yara. Ita kuwa daga ƙasa ta hau.

A shekarun 1920, lokacin da yayi ya koma ga riga miƙaƙƙiya marar ƙugu, Lanvin ba ta bi ayari ba. Ta tsaya kan rigarta mai kama jiki daga sama, mai buɗaɗɗen ƙasa kamar laima, an yi mata aikin zare da duwatsun ado. Irin wannan ɗinki ya karɓi budurwa, ya karɓi uwarta, kuma a nan cinikin yake.

Inda ta fi burge ni shi ne maganar launi. Akwai wani shuɗi da ake cewa ta gani a zanen Fra Angelico a birnin Florence na Italiya, ya shiga ranta. Ba ta yarda ta dogara ga masu sayar da yadi su kawo mata abin da ya yi kama da shi ba. A 1923 ta kafa masana'antar rini tata a Nanterre, kusa da Paris, don launukanta su zama nata ita kaɗai. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin marina ya san cewa sirrin mai rini a haɗinsa yake. Shuɗin nan har yau da sunanta ake kiransa.

Daga nan gidan ya yi ta rassa: kayan ƙawata ɗaki tare da mai zane Armand-Albert Rateau, tufafin wasanni, kamfanin turare a 1924, kayan maza a 1926. A 1927 aka fitar da turaren Arpège, kyautar uwa ga Marguerite da ta cika shekara 30, kuma sunan daga kiɗan fiyano ya samo asali, domin 'yar gwanar fiyano ce. Rateau ya tsara kwalbar, baƙa mai siffar ƙwallo. A jikinta akwai zane mai ruwan zinariya na uwa ta sunkuya tana riƙe da hannuwan 'yarta, wanda Paul Iribe ya yi daga wani hotonsu su biyu. Shi ne tambarin gidan.

Jeanne Lanvin ta rasu a 1946 tana da shekara 79. Marguerite, wadda aka fi sani da Marie-Blanche de Polignac bayan aurenta, ta riƙe gidan har rasuwarta a 1958. Masu zane irin su Antonio Castillo da Jules-François Crahay suka ci gaba da ɗinkin, amma sannu a hankali gidan ya fita daga hannun dangi. Ya shiga hannun L'Oréal, sannan a 2001 'yar kasuwar Taiwan Shaw-Lan Wang ta saye shi. Ita ta ɗauko Alber Elbaz, wanda ya farfaɗo da sunan Lanvin daga 2001 zuwa 2015. A 2018 kamfanin Fosun na ƙasar Sin ya karɓi ragama.

A ganina tarihi bai ba matar nan haƙƙinta ba, kuma dalilin a fili yake: ba ta son fitowa bainar jama'a, ba ta mai da rayuwarta abin talla ba, ta bar aikin ya yi magana. Amma tsarin da manyan gidajen ɗinki ke bi yanzu, na sayar da tufafin mata da na maza da na yara da turare da kayan ɗaki ƙarƙashin suna guda, ta riga ta shimfiɗa shi tun kafin 1930. Wanda ya je Paris zai iya ganin ɗakin kwananta, bangonsa lulluɓe da shuɗin siliki, a gidan adana kayan tarihi na Musée des Arts Décoratifs.