Kafin Madaki: gidan da aka gina a bakin daga

A tsohuwar Hausa, "kafi" shinge ne na itace da ake kewaye gari da shi saboda mahara. Duk garin da sunansa ya fara da wannan kalma, akwai tsoro a asalinsa. Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa, a kan hanyar da ta tashi daga Bauchi zuwa Ningi, yana cikin irin waɗannan garuruwa.

Tsoron kuwa daga duwatsun Ningi yake. Wajen 1846 Malam Hamza ya bar Tsakuwa ta ƙasar Kano bayan saɓani kan haraji, ya fake a can tare da mabiyansa. Magadansa suka shafe shekaru suna kai hari Bauchi da kudu maso gabashin Kano, suna kwashe mutane da dukiya. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya sha fita yaƙi da su. Bauchi kuma, a zamanin Sarki Ibrahim ɗan Yakubu, ta tsare hanyar da ribaɗi, ta ɗora wa Madaki riƙon wannan bakin iyaka.

Abin lura shi ne irin gidan da aka gina masa wajen 1860. A arewacin Ingila, inda ƙauyuka suka yi fama da mahara a iyakar Sukotland, masu hali hasumiyar dutse suke ginawa, mai ƙananan tagogi, su shige su kulle. A nan kuwa ganuwa ce ke tsare jama'a baki ɗaya, aikin gidan shi ne nuna iko. Shi ya sa aka nemo Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Da tubali da azara ya ɗaga soraye masu bakan gizo, irin waɗanda ake gani a fadar sarakuna. Kawo magini kamarsa garin da ke jiran hari shela ce ga Ningawa cewa an zo zama ne.

A 1956 aka sanya gidan cikin kayan tarihi na ƙasa, yana daga cikin na farko. Sai dai takardar gwamnati ba ta tare ruwan sama. Ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa, ana bin rufinsa da indararonsa kafin kowace damina, maginan da suka iya ɗaurin bakan gizo kuwa sai raguwa suke yi, tun da siminti ya karɓe musu kasuwa.