Buhun da Ke Ɗauke da Adireshinsa: Tarihin Wata Tambaya a Cikin Ƙwayar Halitta

Wannan makon mun ajiye tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe, za mu leƙa wani tarihin da ba kasafai ake ba da shi da Hausa ba.

Gagarawa Tasha ta samo sunanta ne daga layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala wajajen 1930, kuma gyaɗar wannan yanki ta sha bin sa zuwa Kano. Duk wanda ya taɓa aika kaya ya san ƙa'idar tasha: buhu ba ya magana, sai an rubuta a jikinsa inda za shi. To, a cikin jikinmu ma ana lodi dare da rana, ba magatakarda, ba ɗan kamasho, amma kaya ba su cika ɓata ba. Yadda aka gano sirrin wannan lodi shi ne labarinmu.

Jikin mutum tarin ƙwayoyin halitta ne, kowace tana lulluɓe da wani siririn tantani na kitse. A jikin tantanin akwai furotin iri-iri da aka dasa: wasu ƙofofi ne na shigar sukari da gishiri, wasu kuma su ke karɓar saƙo, kamar saƙon insulin. Kusan ɗaya cikin huɗu na ire-iren furotin ɗinmu irin waɗannan ne. Shi furotin kamar carbi yake, ana jera 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, sunansu amino asid, kuma injin da ke jera su shi ne ribosom. Matsalar ita ce, ribosom cikin ruwa yake aiki, alhali furotin ɗin tantani yana da sassan da ba sa shiri da ruwa, kamar man gyaɗa. In aka sake shi haka nan, sai ya dunƙule ya lalace.

A 1945, a Cibiyar Rockefeller da ke New York, Keith Porter da Albert Claude da Ernest Fullam suka duba ƙwayar halitta da madubin lantarki, suka ga wata saƙa mai kama da raga a cikinta. Daga baya Porter ya raɗa mata suna endofilazmik retikulum. Kada sunan ya tsorata mu, ma'anarsa kawai 'yar raga ta cikin ƙwaya, don haka mu kira ta Raga. George Palade, ɗan Romaniya, ya nuna cewa wasu ribosom suna manne a jikinta, kuma furotin ɗin da za a fitar waje nan yake fara shiga. Wato Raga ita ce tasha. Shi da Claude da Christian de Duve suka karɓi kyautar Nobel a 1974. Sai dai an san tasha, ba a san mai kai kaya can ba.

Nan Günter Blobel ya shigo. Bajamushe ne, an haife shi a 1936, kuma yana ɗan shekara takwas ya hangi wutar da ta cinye birnin Dresden a yaƙin duniya na biyu. A 1971 shi da David Sabatini suka kawo shawara cewa adireshin yana jikin furotin ɗin kansa, a 'ya'yan carbin farko. A lokacin hasashe ne tsagwaronsa. A 1972 César Milstein da abokan aikinsa a Cambridge suka lura cewa wani furotin, in aka haɗa shi ba tare da Raga ba, yakan fito da ɗan ƙarin tsawo a bakinsa.

Gwajin da ya yanke magana ya zo a 1975, kuma a ganinmu a nan labarin ya fi daɗi. Blobel da Bernhard Dobberstein suka samo gutsattsarin Raga daga jikin kare, daga gaɓar da ke yin insulin, suka zuba cikin kwalbar gwaji. In gutsattsarin na nan tun ana jera furotin, sai ya shige ciki, a datse ɗan ƙarin nan. In aka bari sai an gama kafin a zuba su, ba ya shiga, ƙarin kuma yana nan. Ashe ana saƙa kayan ne ana cusa su lokaci guda, adireshin kuma da an isa sai a yage shi. Tsawonsa bai wuce amino asid 15 zuwa 30 ba.

Mai karanta adireshin kuwa, ɗalibin Blobel ne, Peter Walter, ya zaƙulo shi a 1980. Ana kiran sa SRP. Da adireshi ya leƙo daga ribosom sai ya cafke shi, ya rage wa aikin gudu, ya ja injin da kayan gaba ɗaya zuwa bakin Raga. An daɗe ana gardama ko akwai ƙofa a wurin. Ɗakin binciken Randy Schekman ya gano ta a jikin yis a 1987, aka sa mata Sec61, kuma a 2004 aikin Tom Rapoport da abokansa ya nuna siffar irin wannan ƙofa: tana da wata 'yar kafa a gefe. Furotin ɗin da za a fitar waje yakan wuce kai tsaye, na tantani kuwa sashensa mai gudun ruwa yakan zame ta gefen nan ya zauna cikin kitse. Blobel ya karɓi Nobel a 1999, ya ba da kuɗin don sake gina majami'a da wurin ibadar Yahudawa a Dresden.

Akwai waɗanda suka fi ƙarfin SRP, domin nasu adireshin a wutsiya yake, ba ya fitowa sai an gama jerin. A 2007 da 2008 aka gano masu nasu ɗan dako daban, a dabbobi da kuma yis.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Sule Tankarkar da wannan? Ruwansa yana zuwa duk damina. Ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro tana ɓuya ne cikin jar ƙwayar jini, wadda ba ta da Raga ko ɗaya. Sai cutar ta yi amfani da tata Ragar, ta aika ɗaruruwan furotin waje su sake fasalin gidan da ta shiga. A 2004 ƙungiyar Alan Cowman a Melbourne da ta Kasturi Haldar a Chicago, kowace da kanta, suka gano hatimin da ke kan mafi yawan waɗannan kaya, amino asid biyar kacal. A 2010 aka tabbatar cewa wani sinadari mai suna plasmepsin V ne ke datse hatimin a cikin Raga kafin kaya su wuce. Wasu daga cikin kayan su ke yi wa jar ƙwayar jini ƙuraje a baya, ta riƙa mannewa a ƙananan jijiyoyi. In mannewar ta faru a ƙwaƙwalwa, shi ne yaron da za a kawo asibitin Gumel yana jijjiga, bai san wanda ke kansa ba. Masu neman sabon magani suna gwada sinadaran da za su toshe wannan almakashi, kuma a ɗakin gwaji an ga cewa in aka toshe shi, kayan na maƙalewa, cutar ta mutu a cikin ƙwayar jinin.