Gwajin Sinadarin Aidin: Iyakar Amfaninsa Ga Masu Ciwon Maƙoƙo

Aidin sinadari ne da ƙwayar tairod, wadda ke gaban wuya, take amfani da shi wajen haɗa sinadaran da ke daidaita bugun zuciya, ɗumin jiki da bunƙasar ƙwaƙwalwa. Ƙarancinsa na haddasa maƙoƙo, yawansa kuma na iya rikita aikin ƙwayar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa baligi na buƙatar maikirogiram 150 a rana, mai juna biyu da mai shayarwa kuwa 250.

Gwajin fitsari

Kusan kashi 90 cikin 100 na aidin da mutum ya ci na fita ta fitsari, shi ya sa aka fi dogara da wannan gwaji. Sai dai an tsara shi ne domin auna al'umma. Ana karɓar fitsarin mutane da dama, galibi yara 'yan makaranta, a fitar da matsakaicin sakamako. Idan ya kama daga maikirogiram 100 zuwa 199 a lita guda, ana ɗaukar cewa al'ummar na samun isasshen aidin. Ga masu juna biyu, ma'aunin shi ne 150 zuwa 249.

Ga mutum ɗaya lamarin ya sha bamban. Sakamakon na nuna abin da aka ci a kwana ɗaya ko biyu da suka wuce ne kawai. Wanda ya ci kifin teku jiya zai iya samun adadi mai yawa, wanda ya sha ruwa sosai kuma adadinsa ya faɗi. Wani bincike da aka gudanar a Suwizalan, aka wallafa a 2011, ya nuna cewa sai an maimaita gwajin kusan sau 10 kafin a iya kimanta matsayin mutum guda, duk da haka da kuskuren da zai iya kai kashi 20 cikin 100.

Magunguna ma na sauya sakamakon. Levothyroxine da ake bai wa masu raunin tairod na ɗauke da aidin. Ƙwayar amiodarone ta ciwon zuciya mai miligiram 200 na ɗauke da kusan miligiram 75 na aidin, kuma ruwan da ake yi wa majiyyaci allurarsa kafin ɗaukar hoton CT kan bar fitsari cike da aidin na tsawon makonni.

Gwaje-gwajen da ba su da tushe

Akwai masu shafa ruwan aidin a fata, su ce idan launin ya ɓace da wuri jiki na fama da ƙaranci. Likitoci ba su amince da wannan ba, domin zafin yanayi da iska ke sa launin ya gushe. Akwai kuma gwajin da ake haɗiye miligiram 50 na aidin, a tara fitsarin sa'o'i 24. Wannan adadi ya ninka buƙatar yini fiye da sau 300. Ga mai cutar Hashimoto zai iya ƙara durƙusar da ƙwayar, ga mai cutar Graves ko tsohon maƙoƙo mai ƙulli kuma ya tunzura ta, zuciya ta riƙa bugawa da sauri.

Abin da likitoci ke dogara da shi

Ana gano ciwon tairod ne ta gwajin jini na TSH da T4, wani lokaci da T3 da ƙwayoyin garkuwar jiki, sai kuma hoton wuya. Gwajin aidin a fitsari kan taimaka idan ana zargin majiyyaci ya sha aidin fiye da kima, ko kafin a yi masa magani da aidin mai tururin nukiliya, wanda ba a bai wa mai juna biyu.

Halin da ake ciki a Nijeriya

Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin abinci, kuma hukumar NAFDAC na sa ido a kai. Ruwan gwajin da ake ɗiga wa gishiri ya koma shuɗi na tabbatar da akwai aidin, amma ba ya faɗin yawansa. Gishirin da aka bari a buɗe, cikin rana ko laima, na rasa aidin a hankali. Rogon da ba a jiƙa aka sarrafa da kyau ba yana hana ƙwayar tairod ɗaukar aidin, musamman inda dama akwai ƙarancinsa.

Saboda haka masana ke shawartar duk wanda ya ga kumburi a wuya, ko yake fama da rama, kasala ko faɗuwar gaba ba dalili, ya je asibiti a auna jininsa, kada ya fara shan ƙarin aidin bisa sakamakon gwajin fitsari guda ɗaya.