Motocin da Suka Gaji Raƙumi a Hanyar Agadas

Litinin aka daɗe da sani a matsayin ranar tafiya a Agadas. Shekaru da dama a ranar ce ayarin motoci ke tashi zuwa Dirku da rakiyar soja, daga can wasu su zarce Libiya. Wanda ya tsaya bakin gari yana kallo zai ga kusan mota iri ɗaya ce ke wucewa: farar Toyota Hilux a-kori-kura, an rataye mata jarkokin ruwa, mutum ashirin da wani abu sun zauna a baya ƙafafu na reto a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa a gabansa don kada ya faɗo. Ba wata doka da ta ce sai Toyota. Direbobin sun tsaya a kanta ne bayan an shafe shekaru ana gwada motoci iri-iri, yawancinsu na hannu, a hanyar da in mota ta mutu mutanen cikinta ma suna iya bin ta.

Faransawa ne suka fara ratsa Sahara da mota. A ƙarshen 1922 motocin Citroën biyar masu sarƙa a ƙafafun baya suka tashi daga Tugurt a Aljeriya, suka isa Tumbuktu a Janairun 1923. Abin ya yi amo a jaridun Paris, amma ayarin gishirin Bilma da Fachi ya ci gaba da tafiya da raƙuma abinsa. Motar da talaka zai iya gani a ƙauyensu sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta zo.

Land Rover ke nan. An fara nuna ta a Amsterdam a Afrilun 1948, kuma Maurice Wilks da ya zana ta jif ɗin sojan Amurka ya kalla. Da yake ƙarfe ya yi wuya a Ingila bayan yaƙi, sai aka yi mata bodi da alminiyam, abin da daga baya ya zama abin tallarta, tunda bodin ba ya tsatsa. A Arewacin Najeriya ita ce motar rangadi. Di'o na ciki, ma'aikatan En'e na ciki, haka 'yan sanda da malaman gona. Lokacin da aka fara babban gangamin rigakafin cutar bushiya a 1962 a ƙasashen tafkin Chadi, wato Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, irin waɗannan motoci ne suka riƙa kai malaman dabbobi rugage. In gwamnati ta gama morar su sai ta yi gwanjo, 'yan kasuwa su saya su sa a hanyar kasuwannin ƙauye. Daga nan cinikin motar daji ta hannu ya samo tushe.

Masu ita sun san halinta. Tana yoyon baƙin mai, wayoyin wutarta ba su da tabbas, sandar aksul ta baya takan karye in aka matsa mata cikin yashi da kaya, kuma shasinta na ƙarfe ne, yana ruɓewa a ƙarƙashin bodin nan mai sheƙi. Duk da haka an yi haƙuri da ita, saboda kowane makaniki ya san cikinta, kayanta kuma suna kasuwa. Da kamfanin ya shige ƙarƙashin British Leyland a 1968, yajin aiki ya yi yawa a masana'antun Ingila, mai oda ya koma jiran mota wata da watanni. An buɗe masana'antar Leyland a Ibadan a ƙarshen shekarun 1970, amma kasuwar ta riga ta fara zamewa.

Wani abin da ya kamata mai neman motar daji ya lura da shi a tarihin nan shi ne, motar da ta fi kowace ratsa Sahara a shekarun 1970 da 1980 ba ta ma ja da ƙafa huɗu. Peugeot ce, 404 da 504. Samarin Faransa da Jamus kan sayi tsohuwa da araha a gida, su tsallako teku zuwa Aljeriya, su biyo Tamanrasat da In Gezzam da Asamaka, su sayar a Arlit ko Agadas ko Yamai, kuɗin ya biya musu jirgin komawa. Suna kafewa a yashi, suna haƙa da shebur, suna shimfiɗa faifan ƙarfe a ƙarƙashin taya, amma suna isowa. Mai saye kuma ba ya fargaba, domin tun 1975 ana harhaɗa Peugeot a Kaduna, kayanta sun cika Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Tawayen Abzinawa da ya ɓarke a 1990 da rikicin Aljeriya da ya biyo baya su suka rufe wannan hanya.

Toyota ta shigo ba tare da hayaniya ba. An fara ƙera motar dajinta a 1951, aka raɗa mata suna Land Cruiser a 1954, samfurin 40 ya fito a 1960, samfurin 70 ya gaje shi a 1984, kuma har yau ana ƙera shi. Hilux ta fito a 1968, mai ja da ƙafa huɗu kuma a ƙarshen shekarun 1970. Tseren Paris zuwa Dakar, wanda aka fara a Disamban 1978 kuma ya sha ratsa Agadas, ya ɗaga sunan Range Rover da Mitsubishi Pajero, wadda ta fara lashe shi a 1985. Amma tsere da tawagar makanikai da jirgin sama a biye ba shi ne gwajin da direban Dirku ke dubawa ba.

Gwajin da ya shiga kunnen kowa a Chadi aka yi shi. A Janairun 1987 sojojin shugaban Chadi Hissène Habré ƙarƙashin Hassan Djamous suka afka wa sansanin Libiya a Fada cikin a-kori-kurar Toyota da Faransa ta ba su, kimanin 400, an ɗora wa wasu makamin harbo tanka. Libiya ta yi asarar tankoki kusan 100, Chadi kuwa, a rahotannin lokacin, Toyota 3. A watan Maris suka ƙwace sansanin Wadi Dum. Har yau yaƙin Toyota ake ce masa. Tallar ta zo da jini, kuma ta bar gado mara daɗi, domin tun daga lokacin duk ƙungiyar da ta ɗauki makami a Sahel irin motar take nema, sai mai ita na halal ya wayi gari yana tsoron ɓarawo yana tsoron shingen jami'an tsaro.

A gareji kuwa abin da ya ɗaure mata gindi injin 1HZ ne, wanda ya fito a 1990: dizal, silinda shida, lita 4.2, ba tabo, ba kwamfuta. Ƙarfinsa bai wuce doki 130 ba, a kan kwalta ƙananan motoci na wuce shi. Amma yana jure man da aka tace da ƙyalle daga durom, kuma makaniki mai sifana da kunne zai gano ciwonsa. Fararen motocin ƙungiyoyin agaji da na Majalisar Ɗinkin Duniya da yawa wannan injin ne a cikinsu, shi ya sa in za a yi gwanjonsu dillalai ke rububi, ko da sifirin ya kwanta kujeru sun yage.

Sai tattalin arziki ya juya. Shirin SAP na 1986 ya karya naira, aka rage darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci. Tashar ruwan Kwatano ta zama uwar kasuwa. Motocin Beljiyam da Jamus, daga baya na Amurka, suna sauka a can, a koro su arewa ta gadar Malanbil da Gaya, su bi Birnin Ƙonni ko Maraɗi, su ɓullo Illela ko Jibiya, wasu da takardun kwastan, wasu ta daji da dare. Najeriya ta hana shigo da mota ta kan tudu daga farkon 2017, abin da ya ƙara wa takarda daraja da kuma yawan jabunta.

A wannan zamani ne duba mota ya zama sana'a mai zaman kanta. Gogaggen mai saye ba ya tsayawa kallon fenti. Yakan zo da makanikinsa, a shimfiɗa kwali, a shiga ƙarƙashi da tocila da ƙaramar guduma ana ƙwanƙwasa shasi, domin motar da ta zauna a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara daga ƙasa take ruɓewa. A ɗaga kafet a sansana, ko tana cikin waɗanda ambaliya ta ci aka yi gwanjonsu a Amurka. A nemi walda a inda bai kamata ba. A duba ko an juya sitiyari, tunda Najeriya ta koma tuƙin hannun dama a Afrilun 1972, motar Ingila ko Japan kuwa sai an yi mata tiyata, ba kowace ke warkewa ba. Lambar shasi mai harafi da alƙalami 17 dole ta yi daidai da ta takarda. Mitar kilomita ba a cika yarda da ita ba, an fi gaskata cinyewar robar feda da ta sitiyari, kamar yadda mai sayen raƙumi ke buɗe haƙora ya bar dillali da surutunsa. Ana so a tayar da injin da sanyinsa a ga kalar hayaƙi: shuɗi yana shan baƙin mai, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa ruwa na shiga inda bai dace ba.

Daga ƙarshe a fita da ita bayan gari, a sa giyar taimako a cikin yashi. Nan ake kama da yawa. Motar da ta yi shekaru a birni ba a taɓa sa mata wannan giya ba takan ƙi shiga, wata ma an cire mata furofelar gaba an yi shiru, da ƙafa biyu take ja.

Nan ne kuma ake rabe jif da jif. RAV4 da Highlander da CR-V suna da tsayi, suna kai mutum ƙauye da rani, amma ba su da giyar taimako, ba su da shasi daban da bodi, ba don hanyar Bilma aka yi su ba. Mai ƙaramin ƙarfi da ke son motar daji ta gaske yakan koma kan tsohuwar 4Runner, ko Prado, ko Pajero, ko Nissan Patrol. Tsohuwar Range Rover takan zo da farashi mai daɗin ji, sai balan-balan ɗin ƙafarta ya sace ko kwamfutarta ta rikice, a gane araha ba ta ado.

A Agadas kasuwar ta yi sama ta yi ƙasa cikin shekara goma. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 Hilux masu fetur suka kwararo daga Libiya, inda mai ke da arha, suka maye gurbin manyan Mercedes da ke kwana da kwanaki a hanya. Zinariyar Jado da ta Cibarakaten da aka gano a 2014 ta ƙara musu tsada. Sai dokar hana safarar baƙin haure ta 2015, wadda aka fara aiwatarwa da ƙarfi a 2016: aka kama direbobi, aka tara motocinsu a sansanin soja suna shan rana. Gwamnatin soja ta soke dokar a Nuwamban 2023, ayarin ya dawo fili.

A shekarar ce kuma aka cire tallafin fetur a Najeriya, aka rufe iyakar Binin da Nijar bayan juyin mulkin Yuli. Masu manyan jif silinda takwas suka fara neman kai da su, mai saye ya koma tambayar lita nawa take sha kafin ya tambayi shekararta. Sababbin Hilux da Prado da ke shigowa kasuwar hannu yanzu cike suke da na'urori, dizal ɗinsu ba ya son gurɓataccen mai, kuma makanikan Kano da Damagaram da suka koyi aiki a kan kafireto suna aika yaransu koyon na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta.